YouTube, Netflix ko TikTok: Wa Ke Zaɓar Maka Abin Kallo?

Ka taɓa buɗe TikTok da niyyar minti biyar, ka ɗago kai ka ga dare ya raba? Ba laifinka kaɗai ba ne, haka aka ƙera shi. Shi ya sa in za ka kwatanta dandalin bidiyo, kada ka tsaya a kan wanne ya fi daɗi. Tambayi kanka: wa ke zaɓar bidiyo na gaba, kuma da me nake biya?

Netflix da kuɗi ake biyansa duk wata, don haka burinsa kada ka janye. Ya fara da aika faifan DVD ta gidan waya a Amurka, ya koma intanet a 2007, ya iso Najeriya a 2016. Hoto tas, sauti tas. Amma kamfanin da kansa ya ce kallon awa ɗaya na iya cin 1GB a matsakaicin inganci, har 3GB a HD. Ka ga biya biyu ke nan, ga na wata ga na data. Mai neman fim ɗin Hausa kuwa zai sha lalube.

Fim ɗin Hausa YouTube ya koma. Da kasuwar faifai ta durƙushe, shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka sami masauki a can, domin YouTube na bai wa mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo. Kai kuma da lokacinka kake biya. Abin da ya fifita shi a ganina shi ne akwatin bincike: da tambayarka kake zuwa, ko gyaran famfo ne ko lissafin jarrabawa. Kuma kana iya tsuke bakin aljihu. Kowane bidiyo an yanka shi gunduwa-gunduwa, 'yan daƙiƙoƙi kowanne, an adana a inganci daban-daban, wayarka na ɗauko wanda ƙarfin netwok zai iya. Idan ka saita 360p da hannunka, ka hana ta zarin ɗauko mai nauyi. Aibinsa fa? Babu mai tacewa kafin a ɗora. Likitan gaske da mai tallar maganin cuta arba'in kafaɗa da kafaɗa suke, kuma sau da yawa na biyun ya fi iya baki.

TikTok bai jiran tambayarka. A 2020 kamfanin ya bayyana cewa kallon bidiyo har ƙarshe babbar alama ce ga tsarinsa, yawan mabiya kuma ba ya cikin abin da yake aunawa kai tsaye. Wannan alheri ne ga sabon shiga, yarinya daga Gumel na iya wayar gari dubbai sun gan ta. Sai dai ga ilimi, nan ne gizo ke saƙa. Bayanin kimiyya ba ya tsayuwa sai da "amma" da "wataƙila", su kuma ne wuraren da ɗan yatsa ke shafewa ya wuce. Mai bayani in ya lura, sai ya fara yanke su.

Kada ka ce ka tsira don kana YouTube. Tun 2021 ya baza Shorts a duniya, kwaikwayon TikTok ƙiri-ƙiri, ya kuma ajiye maɓallinsa a ƙasan allo, daidai inda babban yatsanka yake hutawa.