Masu Farautar Sinadarin Narkar da Kitse

Busasshen jatan landen da ake aunawa a kasuwar Taminus ta Jos ya sha rana da hayaƙi tun daga bakin teku, don haka sai dai miya. Mai binciken sinadaran jiki ɗanye yake nema, kwance a kan ƙanƙara, domin abin da yake farauta ba ya jure zafi. Wani furotin ne mai suna laifes, wanda ke farfasa kitse. Jatan lande da ƙaguwa suna sarrafa shi a wata gaɓa guda da ke yi musu aikin hanta, ta kuma samar da ruwan narkar da abinci.

Aikin na mai haƙuri ne. Za a niƙa gaɓar cikin sanyin digiri 4, a wulwula ta a inji, a tsiyaye ruwan sama. Furotin iri-iri ne cunkushe a ruwan nan, guda ɗaya kuma ake so. Sai a riƙa barbaɗa gishirin amoniyam salfet kaɗan-kaɗan ana motsawa, kowane furotin yana kwantawa a nasa ma'aunin gishirin. Wanda ya yi garaje ya juye gishirin gaba ɗaya ya ɓata aikinsa. Daga nan a cire gishirin, a bi da ruwan ta dogon bututun gilashi mai tacewa, yana ɗiga a jerin ƙananan kwalabe, kamar mai tankaɗe da ke sauya rariya.

Wurin da ya fi burge ni shi ne gwaji. A ɗiga abin da ke kowace kwalba cikin wani sinadari marar launi. Wadda ta koma ruwan ɗorawa, nan laifes yake. Sannan a tabbatar da tsabtarsa da dabarar da wani masani mai suna Laemmli ya wallafa a 1970: layi ɗaya shuɗi tak ake son gani. Sai auna zafin da ya fi yi masa daɗi, da tsamin da ke kashe shi.

Amfaninsa a fili yake. Tun 1988 ake saka wani laifes mai suna Lipolase a garin sabulu don cire maiƙo, masu jima ma na cire kitsen fata da irinsa.

Nisan Jos da teku ba hujja ba ne. Hannun da ya ƙware a wannan zai iya aiki kan dafin maciji ko ƙwayar cutar sammore, wadda marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi suna da bincikenta a Zariya. Ga Jami'ar Jos, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom tun 1924. A ba ɗalibanmu wutar lantarki tsayayya da firji mai aiki, za su iya.