Ƙasar Tuddan Dunland a Ƙagaggun Labaran J. R. R. Tolkien: Tarken Yanayin Ƙasa da Tarihi da Siyasa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi Dunland, wani yankin tuddai da marubucin Ingila J. R. R. Tolkien (1892–1973) ya ƙaga a littafinsa The Lord of the Rings (1954–1955), ya kuma ƙara bayaninsa a rubuce-rubucen da ɗansa Christopher ya tattara ya buga a 1980 da sunan Unfinished Tales. An bi yanayin ƙasar da tarihinta da siyasarta kamar yadda suka zo a matani da ratayensa. Matsayin maƙalar shi ne, marubucin ya tabbatar wa mutanen Dunland gaskiyar kukansu, amma bai ba su bakin faɗar sa ba, bai kuma share musu hawaye ba ranar da ya ba kowa haƙƙinsa.

1.0 Inda Ƙasar Take

Duk wanda ya buɗe taswirar da ke haɗe da littafin zai ga sunan Dunland a yammacin Duwatsun Hazo, wajen kudancinsu. Kogin Glanduin yana arewa da ita. Kudu kuwa akwai kogin Isen da wata faffaɗar kafa tsakanin Duwatsun Hazo da Fararen Duwatsu, wadda ta nan ake shiga filayen ciyawa na masarautar Rohan, ƙasar mahaya dawakai. Sansanin Isengard yana gadin bakin wannan kafa. Abin lura shi ne, ban da sunan, babu komai a wurin: ba gari, ba fada, ba kasuwa. Rohan tana da Edoras da Hornburg da Dunharrow, Gondor tana da birane da tashoshin jiragen ruwa, amma Dunland fili ce fara mai suna a kai.

Ba don sha'awa mutanen suka zaɓi tudu ba. Unfinished Tales ya nuna cewa a Zamani na Biyu ma'abota teku na tsibirin Númenor sun kafa tasha a bakin kogin Gwathló, suka dinga sare dazuzzukan yankin don ƙera jirage, har mazauna dajin suka gudu zuwa gindin duwatsun gabas, wurin da daga baya ya zama Dunland. Wannan ita ce kora ta farko. Ta biyu ta biyo bayan shekarar 2510 ta Zamani na Uku, lokacin da Cirion, mai riƙon sarautar Gondor, ya ba Eorl da jama'arsa lardin Calenardhon, ladan taimakon da suka kawo a fagen yaƙi na Celebrant. Lardin ya yi ƙarancin jama'a, amma ba kufai ba ne. Jerin sarakunan Rohan da ke Rataye na A ya faɗi ƙarara cewa a zamanin Aldor, sarki na uku, wanda ya yi shekara 75 a kan gado, an kori ko an murƙushe sauran mutanen Dunland da suka rage gabas da Isen. Saboda haka tudun nan mafaka ce ta waɗanda aka raba da kwari har sau biyu, kuma iyakar Isen takobi ne ya shata ta.

2.0 Suna da Harshe

A nan ne gwanintar Tolkien ta fi fitowa, a nan ne kuma matsalar take. Shi masanin harshe ne, ya riƙe kujerar farfesan tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1945, kuma da tsohon Ingilishi ya wakilci harshen Rohan. Mai karatu da ya san wannan harshe zai iya zaton Dunland na nufin ƙasar tudu, domin akwai kalma mai kama da ita da ke nufin tudu, wadda ita ce a farkon sunan Dunharrow. Amma Rataye na F ya kawar da wannan zato: mutanen Rohan ne suka laƙaba sunan saboda duhun fata da baƙin gashin mutanen. Wato laƙabi ne na launi, daga bakin abokin gaba. Yadda mutanen suke kiran kansu da ƙasarsu kuwa, littafin bai faɗa ba ko sau ɗaya.

Daga harshensu kaf, kalma guda tak aka adana, ita ce forgoil, baƙar maganar da suke jifan mutanen Rohan da ita, wai masu kan busasshiyar ciyawa, saboda launin gashinsu. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana ƙaga harsuna da nahawunsu da tarihin sauye-sauyen sautinsu, shi ne ya bar al'umma guda da kalmar zagi ɗaya. Da wuya a ce mantuwa ce.

Wurin da kalmar ta fito ya cancanci a tsaya a kansa. A daren yaƙin Hornburg, cikin watan Maris na 3019, mayaƙan tudu suna ihu a gindin ganuwa tare da rundunar matsafi Saruman. Éomer, jarumi kuma magajin sarauta, ya ce shi ba ya jin komai sai irin kukan tsuntsaye da na dabbobi. Wani dattijo mai suna Gamling ne ya gyara masa: ya ce harshen mutane ne, daɗaɗɗe, wanda a da ake yin sa a kwaruruka da yawa na yammacin Rohan, kuma abin da suke faɗa shi ne ba su manta da kyautar da Gondor ta yi da ƙasar ba. Daga 2510 zuwa wannan dare shekara 509 ke nan. A 'yan layuka kaɗan marubucin ya nuna yadda mai mulki ke jin harshen wanda ya kora kamar hayaniya, ya kuma sa wani daga cikin gida ya ƙaryata shi. Sai dai ko a nan, tafinta ne daga ɓangaren Rohan ya isar da kukan. Babu wani ɗan Dunland da ya buɗe baki ya yi jimla guda a littafin.

Manazarta sun daɗe da hango inuwar tarihin Birtaniya a wannan alaƙa. Ƙabilun Angulo-Sakson sun mamaye filayen tsibirin, masu harsunan Keltik suka rage a tuddan yamma, kuma sunan Wales kansa ya samo asali ne daga kalmar tsohon Ingilishi da ke nufin baƙo, wadda har ta ɗauki ma'anar bawa. Tolkien ya san wannan sarai, domin ya gabatar da lacca a kan Ingilishi da harshen Wales a Oxford cikin Oktoba 1955. Ya kuma ce mutanen garin Bree dangin mutanen Dunland ne, ya ba garuruwansu sunaye masu tushen Keltik. Ba a cewa Dunland ita ce Wales, shi kansa marubucin ya ƙi jinin a mayar da labarinsa kinaya, amma ƙirar dangantakar daga can aka aro ta.

3.0 Freca da Helm

Siyasar yankin ta fi bayyana a labarin sarki Helm. Tsakanin kogin Isen da Adorn akwai ƙasar kan iyaka inda jini ya gauraya. Wani attajiri mai suna Freca yana da filaye masu faɗi a gaɓoɓin Adorn, yana da'awar shi jikan gidan sarautar Rohan ne, amma ana raɗe-raɗin jinin Dunland ya yi masa yawa, hujja kuwa ita ce baƙin gashinsa. A 2754 ya zo majalisar sarki da jama'a masu yawa, ya nema wa ɗansa Wulf auren 'yar Helm. Sarki ya yi masa ba'a a kan ƙibarsa, shi ma ya mayar da baƙar magana. Da aka tashi daga majalisa Helm ya fitar da shi bayan gari ya kai masa naushi guda, wanda ya zama ajalinsa, sannan ya shelanta ɗansa da danginsa a matsayin maƙiyan sarki.

Idan aka tuɓe wa labarin rigar jarumtaka, abin da ya rage shi ne sarki ya kashe ɗan majalisarsa ba tare da shari'a ba. Ba a musun cewa Freca yana da kwaɗayin sarauta, kuma zuwansa da taron mutane barazana ce. Amma auren da ya nema ita ce hanya ɗaya da labarin ya taɓa buɗewa ta haɗa tudu da kwari ba da yaƙi ba, kuma da dunƙulen hannu aka rufe ta. Ita 'yar da ake taƙaddama a kanta ko suna Tolkien bai ba ta ba. Sai a fim ɗin zane na 2024, The War of the Rohirrim, aka raɗa mata Héra.

Bayan shekara huɗu Wulf ya dawo da rundunar Dunland, ya ci Edoras, ya hau gadon sarauta. Helm ya fake a Hornburg cikin Dogon Hunturu na 2758 zuwa 2759, yana fita shi kaɗai cikin fararen kaya yana kashe maƙiya da hannu, har aka tarar da gawarsa a tsaye. Fréaláf, ɗan 'yar'uwarsa, shi ya kashe Wulf ya karɓe gari. A cikin wannan tarihi an kawo abin da mutanen Dunland ke faɗa wa junansu, wai Helm yana cin naman mutane idan ya rasa abinci. Jita-jita ce ta tsoro, kuma ita ce kusan kaɗai guntun adabin bakansu da aka bari ya iso ga mai karatu. A wannan shekara ta 2759 ne kuma aka damƙa wa Saruman makullan Isengard don ya tsare kafar yamma. Maganin da aka nema wa matsalar Dunland shi ne ya zama cutar da ta kusa halaka Rohan, domin tsohon miki Saruman ya tarar, fama shi kawai ya yi.

Masu kare marubucin suna da hujja mai ƙarfi. Littafin ya gabatar da kansa a matsayin fassarar wani tsohon kundi, Jan Littafi, wanda mutanen Hobbit suka rubuta, kuma labarin Rohan da ke cikinsa ya fito ne daga aminan sarakunanta. Don haka son kai da ke cikin tarihin na marubutan cikin labari ne, Tolkien kuwa ya bar alamu da gangan don mai lura ya gane. Wannan bayani ya isa ya warware batun suna da kalma ɗaya. Bai isa ya warware yadda aka kammala labarin ba, domin rabon ƙarshe ba ra'ayin mai rubuta tarihi ba ne, hukuncin mai ƙaga labari ne.

Da gari ya waye a Hornburg, mayaƙan tudu da yawa suka miƙa wuya. Erkenbrand ya karɓe makamansu, ya sa su aikin gyaran ɓarnar yaƙi, ya ɗaure su da rantsuwar ba za su sake ƙetare mashigin Isen da makami ba, sannan ya sallame su. Sun yi mamaki, domin Saruman ya gaya musu mutanen Rohan suna ƙona fursunoni da ransu. An binne matattunsu a kushewa ta daban, ba a bar su a fili ba. Wannan rangwame ne na gaske, kuma yana cikin wurare masu kyau a littafin. Amma a jawabin Erkenbrand laifin duka na ruɗin Saruman ne; maganar ƙasa, wadda Gamling ya fassara a daren jiya, ba a sake tada ta ba. Rantsuwar ma tabbatar da iyakar Aldor ta yi.

Da Aragorn ya hau mulki ya yi rabo. Ya bar wa 'yantattun bayin Mordor filayen tafkin Núrnen. Ya ba mutanen daji na Ghân-buri-Ghân dajin Drúadan, ya hana kowa shiga sai da izininsu, su da suka nuna wa mayaƙan Rohan hanya. Ya sabunta wa Éomer kyautar Cirion. Dunland kuwa an ambace ta ne cikin jerin ƙasashen da suka aiko jakadu, ba a faɗi abin da suka nema ko abin da aka ba su ba. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara, taurarin labarin suka ratsa ta Dunland a hanyarsu ta komawa gida. Mutanen ƙasar suka gudu suka ɓuya, arewacinta kuma an bayyana shi a matsayin wuri mai dausayi da daɗin gani wanda babu mai zama a cikinsa. Wanda matafiyan suka tarar a kan hanya har suka yi magana da shi, shi ne Saruman cikin tsummokara, da baransa a bayansa.