1711: Shekarar da Masassaƙa Suka Riga Makaɗa

Masu rubuta tarihin kiɗan Turai sun saba da jera sunaye: wane ya ƙirƙiro salo kaza, wane ya gāje shi, wane ya ƙawata. Sai ka ce daga ƙwaƙwalwar mutum kiɗa yake faɗowa kai tsaye cikin kunnen mai sauraro. Zamanin da suke kira barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750, shi ya fi shan irin wannan riwaya, domin da an ambace shi sai a ce Bach, Handel, Vivaldi, a rufe littafi. Alhali tsakanin ƙwaƙwalwa da kunne akwai katako, akwai hanjin tunkiya, akwai farantin tagulla, akwai kuma hannun da ya sarrafa su. Ra'ayina shi ne masu waɗannan hannaye ne suka shata wa kiɗan barok iyakar abin da zai iya faɗa, da nisan da zai iya tafiya, da tsawon ransa. Shekara guda, 1711, ta ishe mu shaida.

Abin da ya fi tayar da ƙura a wannan shekara opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukan zantukansa da rakiyar makaɗa. Ranar 24 ga Fabrairu aka fara nuna Rinaldo a gidan wasan Sarauniya da ke Haymarket a Landan, kuma ita ce opera ta farko cikin Italiyanci da aka tsara musamman don wannan birni. Mai kiɗan, George Frideric Handel, Bajamushe ne ɗan shekara 26 wanda bai daɗe da sauka Ingila ba. Labarin, wanda aka tsamo daga doguwar waƙar Torquato Tasso, na Yaƙin Salibi na farko ne da kewaye Kudus, kuma mai karatu Musulmi ba zai ga kansa a ciki ba: sarkin Kudus da budurwarsa matsafiya ne abokan gaba, a ƙarshe ma a sa su karɓi Kiristanci. Mutanen Landan dai ba tarihi ya kai su ba. Sun je jin Nicolini, ɗaya daga cikin mawaƙan Italiya da ake yi wa dandaƙa tun suna yara don muryarsu ta tsaya siririya a ƙirjin babban namiji. Sun je ganin dodanni masu aman wuta, da gwarare masu rai da aka saki cikin zauren a lokacin waƙar lambu, abin da Joseph Addison ya yi wa ba'a a mujallar Spectator. Sau 15 aka nuna wasan a zangon farko. To amma bayan 1731 Rinaldo ta kwanta kusan shekara 200, kuma daga 1754 har 1920 ba a sake ɗora wata operar Handel a dandali ba. Dalilin a fili yake: an ɗinka kowace waƙa ne daidai maƙogwaron wani mawaƙi, in ya tafi sai rigar ta rasa mai sawa. Abin da ya ci gaba da yawo a gidajen mutane shi ne waƙoƙin da maɗaba'ar John Walsh ta buga a wannan shekarar.

Maganar maɗaba'a ita ke kai mu Amsterdam. Antonio Vivaldi, limamin coci mai jan gashi da ke koyar da gogen Turawa, wato biyolin, a gidan marayu mata na Pietà a Venice, ya riga ya buga littattafan kiɗa biyu a garinsu. Maɗaba'un Venice a lokacin da 'yan guntayen ƙarfe suke aiki, kowane sauti da nasa guntu ɗauke da ɗan yankin layuka biyar ɗin da ake rubuta kiɗa a kai. In an jera su sai layukan su fito a tsittsinke, kuma sautuka masu gudu, waɗanda marubucin hannu ke ɗaure su da sanda ɗaya don ido ya kama su a dunƙule, sai su tsaya ɗai-ɗai kamar haƙoran mataji. Ga kiɗa mai sauri irin na Vivaldi wannan azaba ce ga makaɗi. Littafinsa na uku, L'estro armonico, mai ƙunshe da kwancato 12, wato kiɗan da goge ɗaya ko biyu ko huɗu ke musayar magana da sauran ƙungiya, sai ya aika wa Estienne Roger, Bafaranshe ɗan Furotesta da ya yi hijira zuwa Holan. A shagon Roger zane ake yi a kan farantin tagulla, a juye kamar a madubi, a shafa tawada, a danna takarda. Shafin yana fitowa tsaf kamar rubutun gwanin magatakarda, farantin kuma yana ajiye, ko yaushe aka samu mai saye a sake bugawa. Roger yana da wakilai a manyan biranen Turai. Cikin shekara biyu zuwa uku littafin ya isa ƙaramar fadar Weimar a Jamus, inda Johann Sebastian Bach, wanda bai taɓa taka Italiya ba har ya mutu, ya zauna ya mayar da biyar daga cikin kwancatocin zuwa kiɗan ogan da hafsikod, kayan kiɗan da ake danna maɓallansu, daga baya a Leipzig ya ƙara na shida. Masana sun yi ittifaƙi cewa daga nan salon Bach ya sauya, ya koyi gina dogon kiɗa a kan amshi mai dawowa. Mazanin tagullar da ya haɗa mutanen nan biyu, ba a cika ambatonsa ba.

Shi kuma gogen da Vivaldi ya rubuta wa wannan gudu, a wannan lokaci ne ya kai maƙura a hannun masassaƙa. A Cremona, Antonio Stradivari, yana dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, yana tsakiyar shekarun da ake kira na zinariya a aikinsa. A 1711 ya sassaƙa babban gogen nan mai kaurin murya, calo, da ake wa laƙabi da Duport, wanda makaɗi Mstislav Rostropovich ya riƙe daga 1974 har rasuwarsa a 2007. Calon yana da darasi. Tsirkiyar hanjin tunkiya zalla, in ana son ta ba da murya mai zurfi, dole ta yi tsawo da kauri, saboda haka manyan gogunan farko ƙatti ne, yatsa ba ya iya gudu a kansu, aikinsu riƙe gindin kiɗa kawai. Wajen 1660 masu tsirkiya suka fara naɗe hanjin da siririyar wayar ƙarfe, nauyi ya ƙaru ba tare da tsawo ba. Wannan ya ba masassaƙa damar rage jikin kayan, kuma wajen 1707 Stradivari ya tsaya a kan ƙaramin awon da har gobe ake kwaikwaya. Ba mamaki da a cikin L'estro armonico aka ga calo yana fita daga sahun 'yan amshi yana karɓar baiti shi kaɗai. Ban ce 'yan matan Pietà da kayan Cremona suke kiɗa ba, Venice tana da nata gwanaye irin su Matteo Goffriller. Na ce dai mai naɗa waya ne ya buɗe ƙofar.

Mafi ƙarfin shaida ita ce wadda ta fi kowace shiru. A 1711 marubuci Scipione Maffei ya buga maƙala a mujallar Giornale de' letterati d'Italia game da wani abu da ya gani a Florence, a shagon Bartolomeo Cristofori, mutumin Padua da Yarima Ferdinando de' Medici ya ɗauka aiki a 1688 don kula da kayan kiɗansa. Sarkin kayan dannawa a lokacin hafsikod ne. In ka danna maɓallinsa, ɗan itace ke tashi da tsinken gashin tsuntsu ya tsinci waya. Ka danna da lallami ko ka danna da fushi, kusan ƙara ɗaya za ka ji, domin tsinken ba ya sanin nauyin yatsa. Cristofori ya cire tsinken ya sa 'yar guduma mai kan fata. Faɗa da sauƙi. Matsalar ita ce in yatsa ya tura gudumar har kan waya ya riƙe ta a can, ita da kanta za ta kashe sautin. Dabararsa ita ce wani ɗan harshe da ke tura gudumar sannan ya zame gab da ta isa, ta ƙarasa tafiyar a sake kamar dutsen da ya bar majajjawa, ta bugi waya, ta dawo. Gudun da yatsa ya ba ta shi ne ƙarfin sautin. Daga kalmomin Italiyanci na a hankali da kuma da ƙarfi, piano da forte, sunan fiyano ya samo asali. Maffei ya haɗa da zanen cikin na'urar, aka fassara maƙalar zuwa Jamusanci a 1725, maƙerin ogan Gottfried Silbermann ya kama aikin, kuma a kan fiyanonsa Bach ya yi wa Sarki Frederick kiɗa a Potsdam a 1747.

A nan ne mai suka zai miƙe, kuma da hujjarsa. Zai ce a 1711 fiyano ba ta taɓa kiɗan kowa ba. Uku ne kawai suka rage daga hannun Cristofori, na 1720 da 1722 da 1726. Kiɗan farko da aka buga musamman dominta, na Lodovico Giustini, sai 1732 ya fito. Tun a lokacin Maffei wasu suka ce muryarta ta yi rauni, Bach ma da farko ya kushe na Silbermann, ya ce da nauyin dannawa kuma sautukan sama ba ƙarfi. Duk gaskiya ne. Sai dai wannan jinkiri yana gefena ne. Da masu tsara kiɗa ne ke jan ragama, da kiɗan ya fara zuwa, masassaƙi ya biyo da kayan da zai ɗauke shi. Abin da ya faru akasin haka ne: kayan ya zauna shekara hamsin yana jiran masu magana da harshensa, har zamanin Haydn da Mozart.

Suka ta biyu ta fi kaifi. Roger ya buga wa masu tsara kiɗa da dama, har da Albinoni da Corelli, gogen kirki kuma yana hannun ɗaruruwa, to me ya sa Vivaldi ne ya girgiza Bach? Farantin tagulla ba ya tsara kiɗa. Na yarda, ba kuma nufina in ƙwace wa mai baiwa baiwarsa ba. Na kuma yarda cewa masassaƙi ba a cikin duhu yake ƙirƙira ba. Hujjar da Maffei ya kafa wa fiyano ita ce daɗin da kunne ke ji in sauti ya yi ƙasa ya kuma taso, abin da mawaƙin opera ke yi da numfashi ɗaya, maɓalli kuwa ya kasa. Murya irin ta Nicolini ce ma'aunin da goge da fiyano ke bi. Kenan dandalin opera ya haifar da ƙishi, shago ya haƙa rijiya. Amma ƙishi ya daɗe, shekara ɗari da opera kafin 1711, kuma masu hafsikod da yawa sun so abin da Cristofori ya yi. Buri ba ya zama sauti sai wani ya warware matsalar ɗan harshen nan. Wani zai ce ai kuɗin ubangida ne gaba da kowa, tunda Ferdinando ɗin da ya riƙe Cristofori shi Vivaldi ya sadaukar wa L'estro armonico, fadarsu kuma ta sayi kayan Stradivari tun 1690. Haka ne, amma Ferdinando ya mutu a 1713, sarautar gidan Medici ta ƙare a 1737, farantan Amsterdam kuwa suna ta aiki ba tare da izinin wata fada ba.

Saura masu cewa sunan Stradivari tatsuniyar kasuwa ce. Gogensa na 1721, Lady Blunt, an sayar da shi fam miliyan 9.8 a 2011, ga shi kuma gwajin da Claudia Fritz da abokan aikinta suka buga a 2012 ya nuna ƙwararrun makaɗa, in an rufe musu ido, ba sa iya rarrabe tsohon goge da sabo, wasu ma sabon suka zaɓa. Wannan ya rushe labarin cewa sirrinsa a fenti yake, bai rushe maganata ba, domin sababbin da suka yi nasara a kan awon Cremona aka sassaƙa su. Ƙari a kan haka, kusan duk kayan Stradivari da suka rage, wajen 650, ba yadda ya bar su suke ba. Da kiɗa ya koma manyan zauruka a ƙarni na 19, shago aka sake komawa, aka yanke wuyan gogunan aka dasa dogaye masu karkata, aka ƙarfafa sandar ciki don ta jure jan tsirkiya. Da mutanen ƙarni na 20 suka so jin barok yadda yake, su ma sai da Arnold Dolmetsch a Ingila, da Frank Hubbard da William Dowd a Boston daga 1949, suka sake koyon ƙera tsofaffin kayan kafin makaɗa su sami abin bugawa.

Ko tsayin sautin da za a ɗaura tsirkiya a kai, ƙarfe ne ya adana. Ga John Shore, mai busa kakakin fadar Ingila, ake jingina ƙirƙiro ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu na daidaita sauti, kuma 1711 ake ba shi. Ka buga shi a gwiwa ka kafa gindinsa a katako, ya ba ka sauti ɗaya tak da ba ya sauyawa da zafi ko tsufa sai ɗan abin da ba a rasa ba. A da kowane gari da kowace coci da nata ma'aunin. Akwai irin wannan ƙarfe da ake dangantawa da Handel, yana kaɗawa sau 422.5 a sakan, ƙungiyoyin kiɗa na yau kuwa a wajen 440 suke ɗaura kayansu.