Tsakanin Tafi da Alƙalami: Fim ɗin Shaft a Idon Masu Kallo

Manazarta adabi sun saba, idan za su yi tarken waƙa ko wasan kwaikwayo, su tsaya a kan jigo da salo da zubi da tsari, sa'an nan su ajiye alƙalami. Ba safai ake waiwayar mutanen da aka yi abin dominsu ba, watau masu sauraro da masu kallo, sai dai a ambace su a jimla guda, a ce abin ya karɓu ko bai karɓu ba. Wannan maƙala za ta ɗauki fim guda na ƙasar Amurka mai suna Shaft, wanda ya fito a 1971, domin a duba abin da ke aukuwa yayin da ra'ayin masu kallo da na masu alƙalami suka yi hannun riga. Dalilin zaɓensa shi ne, gardamar da aka tafka a kansa ta fito fili har an rubuta ta a jaridu, kuma 'yar'uwarta ce ake yi a Kano a kan fina-finan daba.

Kamfanin MGM ne ya fitar da fim ɗin, a lokacin da yake fama da karayar arziki. Wanda ya ba da umarni shi ne Gordon Parks, baƙar fata, wanda ya yi suna tun da farko wajen ɗaukar hoto a mujallar Life. Tauraron kuwa Richard Roundtree ne, saurayin da ba a san shi ba kafin nan. An ciro labarin daga wani littafin ƙagaggen labari na Ernest Tidyman, wanda shi Bature ne, kuma za a ga muhimmancin wannan a gaba. Abin da aka kashe bai kai dala miliyan 2 ba, abin da aka samu kuwa ya kai kimanin miliyan 12.

Labarin ba shi da wani zurfi. John Shaft mai binciken laifuffuka ne mai zaman kansa a birnin Niyok. Wani uban 'yan ta'adda na unguwar Harlem, Bumpy Jonas, ya ɗauke shi aikin ceto 'yarsa daga hannun 'yan Mafiya waɗanda suka sace ta. Shaft ya nemo tsohon abokinsa Ben Buford, shugaban wasu samari masu fafutukar 'yancin baƙar fata, suka far wa masaukin da aka ɓoye yarinyar, suka fito da ita. Iyakarsa ke nan. Wanda ya karanta wannan taƙaitawa zai yi mamakin abin da ya sa mutane suka yi ta dogon layi a ƙofar silima.

Masu alƙalami dai sun rabu. Daga cikin baƙar fata masu ilmi akwai waɗanda suka yi tir da shi tun fitowarsa, irin su Clayton Riley wanda ya caccake shi a jaridar New York Times a 1971. Da aka shiga 1972, fina-finai masu kama da shi suka yi yawa, musamman Super Fly wanda tauraronsa dillalin hodar ibilis ne, sai Junius Griffin, shugaban wani reshe na ƙungiyar NAACP a yankin Holiwud, ya laƙaba musu sunan blaxploitation, watau ci da gumin baƙar fata. A shekarar ce kuma aka kafa wata gamayyar ƙungiyoyi domin yaƙar irin waɗannan fina-finai. Hujjojinsu ba na wasa ba ne. Sun ce an tattara unguwar baƙar fata an mai da ita matattarar masu laifi kawai. An mai da mata abin hutawar tauraro, ya ɗauka ya ajiye. Sa'an nan ribar tana ƙarewa ne a aljihun kamfanonin Turawa. Akwai ma abin da ya fi waɗannan ciwo ga mai lura: samarin Ben Buford, waɗanda suka fito da sunan gwagwarmaya, kuɗi Bumpy Jonas ya biya kafin su shiga yaƙin. Duk wanda ya san tarihin 'yan banga a siyasar Kano zai gane irin wannan ciniki ba tare da an yi masa tafinta ba.

Masu kallo ba su rubuta nasu ra'ayin a jarida ba, da kuɗin tikiti da ihu suka faɗe shi. To, me suka yi wa ihun? A nan ne ake ganin gazawar tarken da ya tsaya a kan jigo kurum. Fim ɗin ya buɗe ne da Shaft yana fitowa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sanye da doguwar rigar fata, ya ratsa titi ta tsakanin motoci ba ya kauce wa kowa, har ya yi wa wani direba daƙuwa. Ba a fara labari ba tukuna, ba a harba bindiga ko sau ɗaya ba, amma an riga an gama da mai kallo. Abin da ke tafe da wannan tafiya shi ne kiɗan Isaac Hayes, wanda ya ci kyautar Oscar a 1972. Idan aka saurari kiɗan nan da kunnen Bahaushe za a tarar zubinsa sananne ne. Da farko kiɗa ne zalla na tsawon lokaci, babu murya, yana sanar da wanda ke zuwa, daidai da yadda take yake sanar da sarki ko ɗan dambe tun kafin a hango shi. Bayan nan mawaƙin ya shiga jefa tambayoyi a kan wane ne namijin da ya isa kaza da kaza, 'yan amshi mata suna amsawa da sunansa. Take ne da kirari, ba ragi ba ƙari.

Shi kuwa kirari ba a auna shi da ma'aunin wa'azi. Aikinsa ya kambama mutum, ya tsayar da shi a gaban jama'a ya ce ga wanda ba ya ja da baya. Domin a gane ƙishirwar da ta sa aka sha wannan kirari da gaggawa, sai a tuna abin da baƙar fatar Amurka ya saba gani game da kansa a majigi. Shekara da shekaru ana nuna shi a matsayin bara ko kuku ko wawan da ake dariya. Da Sidney Poitier ya zo, har ya ci Oscar a 1964, sai aka sami mutumin kirki mai haƙuri, wanda a yawancin fina-finansa sai ya fi kowa nagarta kafin a yarda ya zauna. Bayan kisan Martin Luther King a 1968, samarin birane sun ƙoshi da haƙuri. Ga shi kuma Turawa sun yi ta ƙaura zuwa bayan gari, manyan gidajen silima na tsakiyar birane suka koma hannun masu kallo baƙar fata. Shaft ya zo musu da mutumin da yake magana da hafsan 'yan sanda Bature ido cikin ido, yana mayar masa da baƙar magana, kuma aka tashi fim yana raye yana dariya. Kusan a ce rayuwar tasa ita ce jigon.

Wannan saɓani ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Waƙoƙin maza sun daɗe suna jawo irinsa. Ɗan'anace ya yi wa Shago, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri, Gambu kuwa na ƙasar Kabi ɓarayi ya yi wa waƙa ƙiri-ƙiri. Dattawa da malamai sun ƙyamaci waƙoƙin Gambu, kuma suna da hujja. Amma mafi yawan waɗanda suka sayi kaset ɗinsa ba su taɓa haura katangar kowa ba, hasali ma wasunsu an taɓa yi musu sata. Abin da ke jansu shi ne ƙwarewar harshe, da jin labarin wanda ba ya tsoron mai hali ko mai iko. Manazarcin da ya ɗauka duk mai sauraron Gambu ɓarawo ne a zuci ya yi kuskuren da masu sukar Shaft suka yi, watau ɗaukar cewa abin da tauraro yake yi shi ne abin da mai kallo yake tafa wa.

Sai dai kada a zarce da kwatancen. Yana da kyau a tambaya, me zai tsira daga Shaft idan aka raba shi da Harlem aka kawo shi ƙasar Hausa, alal misali gaban manomi a Gafasa ta ƙasar Ajingi, gabas da birnin Kano? Tarihin kallo a nan daban yake. Gidajen silima a birni suke: an buɗe Rex a Kano a 1937, El-Duniya ta ƙone a 1951 da mutane fiye da 300, aka buɗe Palace a cikin ganuwa a 1952 bisa ƙin yardar malamai da yawa. Ƙauyuka kuwa majigin gwamnati suka sani, mai zuwa a mota ya nuna noma da tsabta da hawan sarakuna. Mutumin karkara yakan haɗu da fim ɗin kasuwa ne idan ya shiga birni cin rani, kuma yakan kalle shi ba tare da jin harshen da ake yi ba. Mai kallon da ba ya jin magana dole ya kafa nasa ma'auni, shi ya sa masu shiga silima suka raba duniyar fim gida biyu, akta da bos, suka kuma riƙa raɗa wa taurari sunaye. Brian Larkin, wanda ya yi nazarin silima a Kano, ya kawo misalan da aka raɗa wa 'yan wasan Indiya: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa aka ce da shi Mace. Waɗannan laƙabobi tarke ne cikakke a dunƙule, kuma na tsakiyan, in da an ba Shaft shi, da ya zauna masa daram, tun da shi ma lasin gare shi na riƙe bindiga, yana kai da kawo tsakanin hukuma da masu laifi.

Saboda haka take da kirari za su tsira, tafiyar nan ta isa ma za ta tsira, don ba ta bukatar fassara. Abin da zai zube a hanya shi ne batun launi. Akwai wurin da Shaft ya tsai da tasi, direban ya wuce shi ya ɗauki Bature a gaba kaɗan. A Harlem wannan ɗan taƙaitaccen wuri miki ne da kowa ke ɗauke da shi. A Gafasa kuwa, inda direba da fasinja da ɗan sanda duk launinsu ɗaya, sai a ga kamar direban bai lura ba ne, in ban da ɗan ciranin da aka taɓa yi wa kallon baƙauye a tasha, wanda zai iya jin wani ɓangare na zafin. Wani abin da zai tsaya wa mai kallo Bahaushe a maƙogwaro shi ne, Shaft ba shi da kowa. Ba a ga uwarsa ba, ba a ga ubansa ba, ba shi da unguwar da yake jin kunyar mutanenta, ga kuma mu'amalarsa da mata a fili. Jarumin tatsuniya ko na waƙar maza ɗan wani ne, kuma da sunan garinsu ake yi masa kirari. Wannan yana cikin abin da ya sa fina-finan Indiya, masu cike da iyaye da surukai da auren dole, suka fi na Amurka kama zuciya a Kano nesa ba kusa ba. Ko da aka kawo tauraron nahiyar nan a Shaft in Africa na 1973, wanda aka ɗauki wani sashensa a Habasha, aka ba shi sanda a hannu yana bin sawun masu safarar leburori zuwa Faransa, baƙo ya zo baƙo ya koma, kuma fim ɗin bai yi kasuwar na farko ba ko a Amurka.

Inda gardamar ta sake tsirowa da ƙarfinta shi ne a fina-finan da Hausawa suka yi da kansu. Fina-finai masu dogon zango irin su A Duniya, inda Tijjani Asase da Daddy Hikima suka fito a matsayin 'yan daba, sun sami ɗimbin masu kallo a YouTube, kuma ta wayar hannu sun isa garuruwan da silima ba ta taɓa zuwa ba. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sanar da hana fina-finan da ke nuna daba. Hujjar ita ce ta masu sukar Shaft, watau yara suna kwaikwayo kuma ana ɓata sunan al'umma. Ba za a ce hujjar banza ce ba, domin daba a Kano ta ci rayuka, kuma wuƙar da ke cikin fim irinta ce ke cikin lungu, alhali bindigar Shaft tana can ƙetaren teku. Amma akwai bambanci guda da ya kamata a yi la'akari da shi. Ɗaya daga cikin zarge-zargen masu sukar Shaft shi ne wasu ne daga waje suke sayar wa baƙar fata hoton kansa, marubucin Bature, kamfanin na Turawa. A Kano wannan zargi ba shi da mazauni, don marubuci da ɗan wasa da mai kallo duk 'yan gida ɗaya ne, harshen da ake yi kuma na lungunan birnin ne. Idan saurayin da ba shi da aikin yi yana tafa wa Abale, abin bincike shi ne wace tsayuwa ce ya gani a jikinsa wadda bai samu a wani wuri ba, kuma wannan tambaya hukuma ba ta iya amsa ta da sanarwa.

Game da Shaft kansa, hukuncin masu tafi ne ya daɗe. A shekarar 2000 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa saboda muhimmancinsu, a shekarar kuma aka sake yin wani da Samuel L. Jackson, inda Roundtree ya fito a matsayin kawunsa. Sunan da Griffin ya laƙaba don zagi ya zama sunan fanni da ake koyarwa a jami'o'i. Da Roundtree ya rasu a Oktoba 2023, kafofin labarai da yawa sun koma ne ga rigar fatar nan da ratsa titin nan, da wuya a sami wanda ya tuna sunan yarinyar da aka je cetowa.