Ɗora Murya a Kan Kiɗa: Aikin da Masu Sukar Waƙar Situdiyo Ba Su Ji Ba

An daɗe ana jifan waƙar situdiyo da zargi ɗaya, wai kwamfuta ce ke yin komai, mawaƙi kawai ya rera, na'ura ta gyara. Masu wannan magana sukan kawo Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo a matsayin hujja, su ce ga waƙa, waccan kuwa hayaniyar fiyano ce. Ina ƙaunar Shata kamar yadda suke ƙaunarsa. Sai dai hukuncinsu na wanda bai taɓa zama kusa da mai haɗa sauti ba ne, ya ga yadda ake ɗora murya a kan kiɗa.

Tarihin gajere ne. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, fim ɗin Sangaya ya buɗe wa salon kasuwa. Daga baya manhajoji irin su Cubase ta Jamus da FL Studio ta Beljiyam suka shigo situdiyoyin Zoo Road, Auto-Tune kuma, wadda ta fito a 1997, ta biyo baya. Abin da ya sauya a nan shi ne tsari. A da makaɗin kalangu ke bin bakin mawaƙi, in ya ja numfashi ya jira shi. Yanzu kiɗa ake fara haɗawa, mawaƙi ya sa abin saurare a kunne ya bi.

Akwai ɓangaren aikin da kowane ɗan koyo zai iya. A sa saurin kiɗa daidai: in bugu 120 ne a minti, kowane bugu rabin sakan ke nan. A cire ɗan jinkirin da na'ura ke haifarwa tsakanin makirufo da kwamfuta. A tabbatar murya da kiɗa ma'auninsu ɗaya, domin muryar da aka ɗauka a 44,100 in manhaja ta karanta ta a 48,000 za ta yi sauri ta sirance, kafin minti guda ta tsere wa kiɗa da kusan sakan 5. Wannan lissafi ne, kuma a nan masu suka suka tsaya.

Gwanintar tana cikin gaɓa. A allon kwamfuta murya takan bayyana kamar tudu da kwari, ga layukan bugu a tsaye. Ɗan koyo yakan ja farkon kowace kalma ya manna a kan layi, ya ga komai ya yi tsaf, ya kunna ya ji waƙar tana jan ƙafa. Dalili shi ne kunne ba ya jin bugu a farkon baƙi, a wasali yake jin sa. Kalmar da ta fara da "sh" ko "s" ko "f" sai an turo ta gaba kaɗan, hucin baƙin ya riga ganga, wasalin ya sauka tare da ita. Wadda ta fara da "b" ko "d" ba ta bukatar haka sosai. Gwani ba ya dogara da ido a nan, yakan rufe ido ma, ya maimaita ɗango ɗaya har sai ya zauna.

Sai batun nauyin gaɓa, wanda shi ne ya fi burge ni. Masu nazarin ma'aunin waƙa sun san Hausa na rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma dogon wasali da gajere suna sauya ma'ana. Manhajar da aka ƙera a Turai ba ta san haka ba. In aka ce ta daidaita da kanta, sai ta miƙe gajeren wasali don ya cika gurbi, garin da ake zama ya koma garin tuwo. Mai haɗa sauti da ya san harshensa yakan bar gajeriyar gaɓa da gajartarta, ya ɗora miƙewar a kan wasalin ƙarshen ɗango, inda mawaƙan baka ma suke ja. In hakan ya gagara, sai ya kira mawaƙi ya sake rerawa. Na fi girmama wanda ya sa a sake a kan wanda ya ja murya har ta yi ƙarar ƙarfe.

Haka amshi yake. A waƙar baka 'yan amshi ba sa jira jagora ya rufe baki, sukan hau kan jelar ɗangonsa su karɓe. A situdiyo kuwa kowa daban ake ɗaukarsa, wani lokaci ma ba rana ɗaya ba, musamman waƙar namiji da mace irin ta fim. Wanda ya jera su bi da bi da tazara daidai ya kashe karɓeɓeniyar. Wanda ya matso da amshi ya ɗan hau kan jagora, ya kuma bar muryoyin amshin da ɗan saɓani ƙanƙani don su yi kauri kamar taro, shi ya dawo da abin da ake ji a dandali.

Shi ya sa nake ganin mai haɗa sauti makaɗi ne, ba ma'aikacin na'ura ba. Aikin da mai kalangu ke yi da igiya a hammata, na sauraron mawaƙi da ba shi wuri, shi ne ya koma hannunsa. Mawaƙan baka sukan ambaci makaɗansu a cikin waƙa, mawaƙan situdiyo ma sukan kira sunan mai kiɗa, amma nazarin da ake rubutawa kusan duk a kan baitoci yake tsayawa. Ya kamata ɗaliban sashen Hausa su shiga situdiyo, su nemi a buɗe musu muryar kafin gyara da bayan gyara, su rubuta abin da aka yi wa kowace gaɓa.