Wasan Gabriel Knight: Abin Yabo da Abin Zargi

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani iri wanda ba a harbi ko tsere a cikinsa. Labari ne ake shimfiɗa wa mutum da hotuna, shi kuwa yana riƙe da linzamin kwamfuta, ya nuna abu da 'yar kibiya, ya latsa. In ya nuna ƙofa sai jarumin labarin ya buɗe ta, in ya nuna mutum sai ya yi masa tambaya. Labarin ba ya gaba sai mai wasa ya warware wani ƙulli. Watau dai tatsuniya ce aka gama da kacici-kacici, sai dai a nan mai sauraro shi ke tura ta.

Wanda za mu duba sunansa Gabriel Knight: Sins of the Fathers, ma'anarsa zunuban iyaye. Kamfanin Sierra On-Line na Amurka ya fitar da shi a 1993, wata mata mai suna Jane Jensen ita ta tsara labarin. Ya kamata mu kula da shi, gama wani sashe nasa yana faruwa ne a ƙasar Benin, maƙwabciyarmu, wadda fatakenmu suka daɗe suna ratsawa a hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro.

Gabriel wani marubuci ne da littattafansa ba su samu kasuwa ba, yana da ɗan kantin littattafai a birnin New Orleans. Ana ta kashe mutane a garin ana cire musu zuciya, ana barin alamun tsafin Vudu kusa da gawa. Shi kuwa ya shiga bincike, ba don tausayi ba, don dai ya sami abin rubutawa. Cikin kwana 10 sai ya gane cewa kakansa na can nesa, Gunter Ritter, Bajamushe mai farautar matsafa, ya so wata baiwa mai suna Tetelo a Charleston a shekarar 1693, sa'an nan ya bashe ta don ya tsira da mutuncinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan cin amana shi ne tushen dukan jinin da ake zubarwa.

Babban abin yabo shi ne yadda aka rarraba labarin kwana-kwana. Rana ba ta faɗuwa sai ka gama abin da ke cikinta, kashegari ka sauko kanti, ka karanta jarida, ka ji saƙon da Grace Nakimura mai tsaron kantin ta ajiye maka. Tsoron ba ya zuwa da ihu. A kwanakin farko kusan ba abin da ke faruwa sai tambayoyi, amma kana lura mutane na yin shiru da zarar ka ambaci wata kalma, masu kiɗan ganga na ƙaruwa a kusurwoyin gari, wanda ya yi maka magana jiya yau ya mutu. Lalle mai tsara wannan ta san cewa abin da ba a gani ba ya fi razanarwa.

Hira kuma ita ce ƙashin bayan wasan. In ka ji sabuwar kalma a bakin wani, sai ta shiga jerin abin da za ka iya tambayar kowa, kuma Gabriel na ɗauke da rikoda, kana iya komawa ka saurari abin da aka faɗa. Duk wanda ya taɓa zama yana rubuta bayanin shaidu ya san haka gaskiya ke fitowa, wannan ya ba da gutsure, wancan ya musa, na uku ya yi tuntuɓen harshe. An kuma sami gwanayen murya: Tim Curry shi ne Gabriel, Mark Hamill shi ne ɗan sanda Mosely, Virginia Capers kuwa ita ce mai ba da labari, tana yi wa jarumin ba'a duk sa'ad da ya yi wauta. Da ma ya cancanci ba'ar, don mutum ne mai son kansa, mai bin mata, kuma ba a ɓoye wannan ba.

Ƙulle-ƙullen wasan, wasu na da ma'ana ƙwarai. Akwai inda za ka koyi karanta saƙon ganga, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san yadda kalangu ke kiran suna ba. Akwai kuma inda za ka fassara alamun da aka zana a jikin wani kabari, ka rubuta naka saƙon da su. Amma wasu ba su da kai. Don ka saurari rediyon ɗan sanda, sai ka jawo wani ɗan kama ya bi ka har ya fusata ɗan sandan ya bar babur ɗinsa. Wa zai yi tunanin haka in ba bayan ya gwada kome ya gaji ba? A bakin tafki kuma ana son ka tsinci ɓawon fatar maciji a cikin ciyawa, abin da bai fi ƙwayar gero ba a fuskar kwamfuta. In ka tsallake shi sai ka yi ta yawo gari ba ka san abin da ya hana rana faɗuwa ba. Wannan ba gwajin hankali ba ne, gwajin ido ne da haƙuri.

To, amma babban aibin ba a nan yake ba. Jane Jensen ta yi karatu, ba shakka. Cikin wasan akwai wani shehun malami da ke lacca a kan asalin Vudu daga Afirka ta Yamma zuwa Haiti, ana kuma ba da labarin Marie Laveau, shahararriyar matar nan ta New Orleans da ta rasu a 1881. Sai dai bayan duk wannan ilmi, me aka yi da shi? An mai da mabiya addinin ƙungiyar 'yan kisa masu tara kuɗi a ƙarƙashin ƙasa, mai ceto kuwa jinin manyan Jamus ne. Sa'ad da Gabriel ya iso Benin a kwana na 9, ba gari, ba kasuwa. Daji ne kawai da wani tudun kabari mai siffar maciji, cike da busassun gawawwaki masu tashi su bi mutum. Alhali kuwa a wannan shekara ta 1993 an yi babban bikin al'adun Vudu a garin Wida na ƙasar, a fili, da rana tsaka. Ni ba mai goyon bayan tsafi ba ne, amma a ce wani baƙo ya yi wasa a kan 'yan bori ya nuna su suna farke ƙirjin mutane, ko malamin da ya fi kowa ƙin bori zai ce ƙarya aka yi musu. Yaron da bai taɓa jin sunan Benin ba sai a nan, abin da zai riƙe ke nan.

Duk da haka adalci ya sa a faɗa, wasan bai wanke Bature ba. Laifin farko na Gunter ne, kuma a ƙarshe an sa jikansa a irin matsayin da shi ya tsaya. Malia Gedde, jikar Tetelo, wadda Gabriel ke so, tana rataye a bakin rami, kai mai wasa za ka zaɓa. In ka bashe ta kamar yadda kakanka ya yi, ku hallaka tare. In ka miƙa mata hannu, kai ka tsira, ita ta saki da kanta. Mu dai an koya mana cewa ba mai ɗaukar nauyin zunubin wani, saboda haka batun la'anar gado ba ta zauna mini ba. Amma a ba mutum damar ƙin maimaita abin kunyar gidansu da hannunsa, wannan littafi ba ya iya yi, sai wasa. Da soyayyar tasu ba a gaggauta ta ba, gama cikin 'yan kwanaki kaɗan ta ƙullu, da wurin ya fi haka taɓa zuciya.

A 2014 an sake fitar da wasan da sababbin hotuna da sababbin muryoyi, aka ƙara masa hanyar neman taimako in mutum ya maƙale. Wannan ya rage wahalar neman ɓawon maciji. Sai dai hasken hotunan ya kori duhun da ya ƙawata na farko, Benin kuwa an bar ta yadda take, ba kowa a cikinta sai matattu.