Tsohon Venise a hannun saurayin Paris

A shekarar 1854 wani saurayi ɗan shekara 22, Édouard Manet, ya zauna a gidan tarihi na Louvre ya kwaikwayi hoton da Tintoretto, mai zanen birnin Venise, ya yi wa kansa wajejen 1588, yana da kimanin shekara 70. Kwafin na ajiye a gidan tarihin birnin Dijon.

Hoton asalin ba shi da ado ko kaɗan. Dattijo ne mai furfura, ya fuskanci mai kallo, idanunsa sun zurma, tufafinsa sun saje da duhun da ke bayansa. Babu labule, babu kujera, ko hannuwa ba a gani. Zaɓin Manet ya cancanci yabo, domin a irin wannan hoto mai kwaikwayo ba shi da maɓoya: in goshi da kumatu suka gagare shi, aikin duka ya gagare shi.

Wahalar kuwa tana ga jerin aiki. Tintoretto ya saba fara shimfiɗa duhu a kan ƙyallen zane, sa'an nan ya ɗora haske da fenti mai kauri. Fentin mai ba ya bushewa da wuri. Wanda ya fara da farin gemu, ya dawo yana cusa baƙi a gefensa, sai launukan su cuɗe su zama taɓo. Tilas ne mai koyo ya bi sawun buroshi da baya, ya gano shafar da ta riga wata. Ɗalibin da malaminsa ya bari yana kwafa daga hoton salula ba ya ganin wannan, don gilashin ya shafe kaurin fentin. Kamanni kawai yake samu, kuma kamanni shi ne mafi arahar abin da ke cikin hoton.

An saba cewa daga Velázquez Manet ya koyi sarrafa baƙi, musamman bayan tafiyarsa Madrid a 1865. Da gaskiya a ciki, amma an tauye wa tsohon Venise haƙƙinsa na shekara 11 kafin nan. A dubi hoton Berthe Morisot na 1872: baƙar hula, baƙar riga, fuska tana duban mai kallo ido da ido. Sai dai a nan Manet ya juya darasin, ya haskaka bangon, ya tattara duhun a jikin matar.